Mutumin da Ya Ƙi a Sauke Jinkar Rumbunsa

Akwai wani manomi a wani ƙauye mai gidaje kamar talatin, ana ce da shi Tunau. Ba mugu ba ne. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ranar Lahadi kuma yana cikin waɗanda suke fara isa sujada, ko da yake wasu sun lura kullum a kujerar da ake ganin kowa daga kanta yake zama. Aibinsa guda ne: bai yarda akwai maganar da ake yi don Allah kawai ba. In ka ce masa ina kwana, zai amsa lafiya lau, sa'an nan ya wuni yana lissafin abin da kake nema. In ka yaba gonarsa, ya san iri za ka roƙa. In ba ka yaba ba, ya san hassada ce.

Abin da ya ƙara ɓata shi kuwa, wani lokaci zatonsa yakan cika. Mutumin da zatonsa ya cika sau uku cikin goma ba ya cika tunawa da sauran bakwai ɗin.

A shekarar da muke magana, Ubangiji ya ba Tunau kaka mai albarka. Ya cika babban rumbunsa da damman dawa da gero har wuya, ya ɗora na iri a sama. Da ya gama, sai ya shiga gari da fuskar mai makoki, yana cewa bana sai dai godiya, tsuntsaye sun gama da shi. Cikin bazara, Alisabatu, matar marigayi wansa, wadda aka bari da 'ya'ya huɗu, ta zo neman dami biyu su kai ta faɗuwar ruwa. Tsakanin mutum da matar wansa akwai wasa, don haka da dariya ta shigo.

Ta ce, "Maigida ƙarami, ka bar matarka da yunwa, gari na kallo."

Tunau ya ce, "Matar Yaya, da za ki leƙa rumbun nan da ke za ki tausaya mini. Ɓera ma ya yi ƙaura."

"Allah sarki, ɓera," in ji ta. "Allah ya sa ya sami gidan kirki." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

To, ga yadda rumbun ƙauyen yake. Jikinsa na ƙasa ne, kansa kuma jinka ce ta ciyawa, kamar malfa. In maigida zai ɗebi hatsi, sai ya ɗaga gefe guda ya tokare da gwafa, ya zura jiki ya shiga. Wannan kam mutum zai iya yi shi kaɗai, ba mai ganin komai. Amma in jinka ta tsufa, ba a gyara ta a sama. Dole a sauko da ita ƙasa ɗungum, a kwance tsohuwar ciyawa, a duba tanka, wato sanduna da karan da aka ɗaɗɗaure suka zama ƙashin jinkar, a sake abin da ya ruɓe, a baibaye da sabuwar ciyawa, sa'an nan a mayar. Wannan aikin maza takwas ne, don haka gayya ake kira. Mai rumbu ya dama fura, maƙwabta su zo. Biyu daga cikinsu kuma dole su hau tsani su kama daga sama. Wanda ya hau tsani kuwa, in an ɗage jinka, ba inda idonsa zai faɗa sai cikin rumbu.

Tunau ya san wannan sarai, gama bai taɓa fashin gayyar kowa ba, kuma kullum shi ne mai cewa, "Ku bar mini tsani, ni ba na jin jiri." Har yabonsa ake yi a kan haka. Ba gidan da bai san zurfin hatsinsa ba a ƙauyen.

Da bazara ta yi nisa, aka yi ɗan yayyafi sau biyu, sai masu jakuna da suka dawo daga kasuwannin gabas suka kawo labari. Suka ce hadarin bana da iska yake tafe, iskar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. A wani gari ta kwashe jinkaye ta zubar a fadama, a wani ta tumɓuke kuka. Mai unguwa ya sa aka yi shela: kowa ya duba jinkarsa, ya sare busasshen reshen da ke kan ɗakinsa, ya buɗe rariyar gidansa, ranar Asabar kuma a taru a yashe babbar magudanar ruwa.

Tunau ya saurara, ya gyaɗa kai. Da ya koma gida ya ce wa matarsa Tabita, "Kin san ta bayan gidan wa magudanar nan ta bi?"

"Ta bayan gidan mai unguwa."

"To."

Gaskiya ne kuwa, ta nan ta bi. Ta kuma bi ta bayan gidaje goma sha ɗaya, amma Tunau bai ga amfanin tsawaita magana ba.

Aka shiga gayya gida-gida. Yau a sauke ta wannan, gobe ta wancan, Tunau yana kan tsani. Ran da aka gama ta maƙwabcinsa Baba Kefas, wani dattijo wanda baibaya ce sana'arsa tun yana saurayi, ana zaune a inuwa ana shan fura, sai dattijon ya ɗaga ludayinsa ya nuna ta kan danga.

Ya ce, "Tunau, saura taka. Yaushe za mu zo?"

"Tawa lafiyarta ƙalau, Baba."

"Ni na ɗaura tankar nan, shekarar da aka haifi ɗanka na fari. Yanzu yaron gemu yake nema. Ka dubi yadda ta zauna, ta karkata kamar hular mai jin barci."

Mutane suka yi dariya. Tunau ma ya yi, iyakar leɓe.

Ya ce, "Na ga tarin ciyawa a bayan zaurenka, Baba. Bana kasuwa ba ta yi ba ne?"

"Ba ta yi ba," in ji Baba Kefas, ko a jikinsa. "Na yanka da yawa. In ka saya zan ji daɗi. In ba ka so tawa, ka sayi ta wani, ko ka yanko da kanka. Ni dai a sauke jinkar nan a ga cikinta."

A ga cikinta. Tunau ya riƙe wannan kalma ya kai ta gida kamar wanda ya tsinci shaida. Ga shi dattijon da bakinsa ya amsa yana son ciniki, ga shi kuma ya faɗi ainihin abin da ake so. Ya duba wajen matan da suke kwashe ƙore, ya ga Alisabatu a cikinsu. Ba ta ce komai ba, ba ta ma dube shi ba, wannan kuwa ya ƙara tabbatar masa da cewa da ita aka ƙulla.

Ya zauna ya auna abin da zai biyo baya. In aka sauke jinka, mutum biyu za su gani. Kafin rana ta faɗi matansu sun ji. Kafin Lahadi duk ikkilisiya ta san Tunau, wanda tsuntsaye suka gama da shi, yana zaune a kan hatsin shekara biyu, ya kuma sallami gwauruwar wansa da ƙwarya wofi. Daga nan sai layi a ƙofar gida. Wannan ya ce iri, wancan ya ce haihuwa, dattawan ikkilisiya kuma su zo su gaishe shi gaisuwa mai tsawo.

Washegari Tabita tana sheƙar dawar da ya ɗebo mata, gama a gidan Tunau ba mai shiga rumbu sai shi. Ta tsaya, ta shafa faifai, ta miƙa masa tafin hannunta.

Ta ce, "Maigida, wannan fa?"

"Ƙura ce."

"Ƙura ba ta da wannan launi. Garin itace ne. Tun watan jiya dawar da kake ba ni da shi take zuwa. Gara ta shiga tankar nan ko?"

"Wa ya aiko ki?"

"Faifai ne ya aiko ni."

"Jiya na gan ki da matar Kefas a bakin rijiya."

"Rijiya ɗaya ce a garin, Maigida. In ka haƙa mini tawa sai in daina ganin kowa."

Ya juya ya bar ta da faifanta. Ba kuwa don bai san amsar ba. Duk ƙauyen ba wanda ya kai shi sanin halin da jinkar nan take ciki, domin shi ne yake shiga ƙarƙashinta. Baba Kefas daga nesa ya hango karkata, Tabita a faifai ta ga gari, amma Tunau ya sha kama sandar tanka don ya dafa, ta marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli. Yakan dubi wurin, ya ce a ransa bayan damina, ya sauke gwafa ya fito.

Duk da haka labarin iskar ya shige shi, don mai yawan zato ba ya rasa tsoro. Sai ya yanke shawara zai yi shiri, amma irin shirin da ba ya bukatar kowa. Ranar Asabar, da gari ya tafi yashe magudana, ya ce cikinsa na murɗa. Da unguwa ta yi shiru ya jingina tsani, ya hau da sabuwar ciyawar da ya sayo daga wani ƙauye, ya shimfiɗa ta a kan tsohuwar, ya daddanna, ya gyara bakinta da wuƙa. Ya kawo igiyoyin rama guda shida, sababbi, ya ɗaura a jikin ciyawar, ya ja su ƙasa, ya kafa turaku ya ɗaure tam. Aiki ne mai kyau a ido. Duk ƙauyen ba rumbun da ya kai nasa kyan gani.

Da Baba Kefas ya dawo, laka har gwiwa, ya tsaya a bakin danga ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Sannu da aiki. Cikin ya lafa ke nan."

"Da sauƙi, Baba."

"Igiyar nan, a me ka ɗaura ta?"

"A jinka mana."

"A ciyawa ko a tanka?"

"Duk ɗaya ne."

"To," in ji dattijon. "Ka ƙara mata nauyi dai. Allah ya kyauta."

Tunau ya lura dattijon bai ji daɗi ba, ya kuma san dalili: ciniki ya wuce shi.

Kwana huɗu ba abin da ya faru. Sama garau, rana kamar ta dafa mutum. Tunau ya fara tambayar mutane, cikin ladabi, ko an sami labarin iskar nan, ko ta ɓata hanya ne. A rana ta biyar, da la'asar, zafi ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, daga ƙasa har sama, mata suka shiga kwashe shanya suna kiran yara. Sai wata iska mai sanyi ta busa sau ɗaya, kamar mai sallama. Bayanta babbar ta iso.

Tunau yana tsaye a ƙofar ɗaki ya ga zanan danga yana tafiya a kwance. Ya ji itatuwa suna kuka. Ya dubi rumbunsa, ya ga jinkar ta kumbura, ta sauka, ta sake kumbura, kamar ƙirjin mai haki. A karo na uku ya ji ƙarar da ya riga ya sani, ƙarar sandar da ta marmashe, sai dai wannan karo dukansu ne gaba ɗaya. Jinkar ba ta tashi kamar malfa ba, don ba ta da ƙashin da za ta tashi da shi. Watsewa ta yi. Rabi ya bi iska ya haye gidaje uku, rabi ya rufta ciki.

Igiyoyin kam sun riƙe amana. Duk shida suna nan a turakunsu, kowace da ɗan dunƙulen ciyawar da aka damƙa mata.

Sa'an nan ruwa ya sauko, ba ɗigo-ɗigo ba, kamar ana juye randa. Rumbun ƙasa kuwa in ba shi da kai, babbar tukunya ce kawai.

Tunau ya hau tsani da tabarma guda, iska ta karɓe ta. Ya koma ya ɗauko bargon gadonsa. Yana kokawa da shi ya ji muryar Tabita a waje, tana kiran maƙwabta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki zai hana ta, ruwa ya cika bakin. Kafin ya sauko, mutane sun shigo ta inda danga take a da. Baba Kefas ya duba sau ɗaya ya ce ba abin da zai rufe wannan, a kwashe. Maza biyu suka faɗa cikin rumbu, sauran suka ja layi, maza da mata, daga gindin rumbu har zauren Baba Kefas, wanda rufinsa bai ko motsa ba. Dami ya fito, ya bi hannu, ya bi hannu, ya bi hannu.

Haka hatsin da Tunau ya ƙi mutum biyu su gani daga kan tsani ya bi ta hannun mutum ashirin da wani abu, dami-dami, da sauran hasken rana. Zaure ya cika, aka buɗe ɗakin baƙi na mai unguwa, shi ma ya cika.

Da ruwa ya tsagaita, Tunau ya tsinci kansa kusa da Alisabatu. Zanenta ya jiƙe sharkaf, ƙaiƙayi ya manne mata a wuya da hannu. Ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce, "To, matar Yaya. Kin gani."

"Na ga me?"

"Abin da ke ciki."

Ta matse bakin zanenta. Ta ce, "Maigida ƙarami, sau biyu a rana ake daka a gidanka tun kaka, mu kuwa ba kurame ba ne. Gidan da tsuntsaye suka gama da shi ba ya wahalar da taɓarya haka. Yaran garin nan ma sun san rumbunka cike yake. Mun dai bar ka ne, tun da ka ga kamar kana jin daɗin abin."

Tunau ya juya ya dubi rumbun.

Ta ce, "Abin da ba mu sani ba shi ne tankar ta ruɓe har haka. Wannan kai kaɗai ka sani."

Kwana uku rana ba ta fito ba. Aka baza hatsi a zauruka da ɗakuna, ana juyawa, amma jiƙaƙƙen hatsi ba ya jiran kowa. Na sama, wato irin da ya zaɓa zangarniya-zangarniya, ya yi tsiro a inda yake, fari fat. Na ƙasa, inda ruwa ya taru, ya yi baƙi ya yi tsami, ko awaki sai da suka yi shawara. Abin da ya tsira daga ɓarna bai kai rabi ba. Bai mutu da yunwa ba, shi da gidansa, amma a daminar nan Tunau ya koyi cin tuwo sau ɗaya a rana, ya kuma shuka gonarsa da irin da aka tara masa gida-gida a ƙoƙo. Ya karɓa, ya yi godiya. An ce har ya kai gida bai tambayi dalilin kowa ba, ko da yake wannan Tabita ce ta faɗa, ita kuwa mai rufa wa mijinta asiri ce.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga wanda yake so ya ji.

Rumbun nan ranka ne, da gidanka, da duk abin da Allah ya ba ka ajiya. Hadarin kuwa ranar gwaji ce: ciwo, ko rashi, ko jaraba, ko ranar da za a kira ka ka tsaya a gaban Ubangiji. Ba a tambayarka ko ka shirya kafin ta taso, kuma jinkirinta na kwana huɗu ba alkawari ba ne.

Tankar da gara ta ci ita ce abin nan da kai kaɗai ka sani. Ba sai an faɗa maka sunansa ba, yanzu haka ya zo maka a rai. Wani fushi ne da yake ci a ɓoye, wani kwalbar giya ce, wani aure ne da ya daɗe da mutuwa a ciki ana fita da shi sujada da kaya iri ɗaya, wani kuma addu'a ce da ya daina tun bara bai gaya wa kowa ba. Sabuwar ciyawa da igiya shida su ne abin da mukan yi a maimakon tuba: mu ƙara zuwa da wuri, mu ƙara ɗaga murya a waƙa, mu ƙara gyara fuska. Ba laifi ba ne a yi waɗannan. Nauyi dai suke ƙara wa abin da ya riga ya ruɓe.

Ku lura kuma, Tunau bai yi kuskure a kan mutane ba. Baba Kefas yana son ya sayar da ciyawa. Magudana ta bi ta bayan gidan mai unguwa. Alisabatu tana son dawa. Duk gaskiya ne, ba kuwa ɗayansu da ya rage wa iskar ƙarfi. Wanda yake yi maka gargaɗi yana iya zama mai son kansa, mai surutu, ko wanda nasa laifin ya fi naka. Allah bai taɓa jiran samun marar aibi kafin ya aika da saƙo ba, in ba haka ba da mutum ɗaya tak ya taɓa aikowa. In an ce maka jinkarka ta karkata, bincika jinkar tukuna. Mai maganar yana nan, kana iya bincika shi bayan damina.

Ba a ce ka yarda da kowa ba. Ba a ce ka tsaya a gaban jama'a ka zazzage cikinka ba, ikkilisiya ba kasuwa ba ce. Amma Almasihu, wanda ya riga ya ga cikin rumbun tun kafin ka gina shi, bai ajiye mu ɗai-ɗai a jeji ba. Ya sa mu kusa da juna, danga da danga, domin akwai gyaran da ba ya yiwuwa sai an buɗe, akwai kuma buɗewar da ta fi ƙarfin mai abin. Yawancin abin da muke tsaro da dukan ƙarfinmu, maƙwabta sun daɗe da sani, suna yi mana kara ne kawai. Abin da zai kashe mu kuwa, shi ne ba su sani ba, kuma ba za su sani ba sai mun faɗa, ko kuwa sai ranar da ya watse a idon kowa.

Saboda haka a cikin makon nan, ka faɗa wa Ubangiji abin da sunansa, ba da kewaye-kewaye ba. Sa'an nan ka nemi mutum biyu masu tsoron Allah, waɗanda suka san aikin, ka ce musu, "Ku zo ku kama mini." Za su gani. Babu shakka za su gani, wataƙila ma ɗayansu ya gaya wa matarsa. Za ka ji kunya na yini ɗaya ko biyu, kunya kuwa ba ta taɓa jiƙa hatsin kowa ba.

Ku duba waje in an tashi. Yau sama garau take. A irin wannan rana ake yin aikin.